Ɗarin da Na Hori Bidi

Sanyin bana bai yi sallama ba. Kwanan nan muke kwana a tsakar gida da mafici, jiya da asuba na zuba ruwan buta a hannu sai da na ce wash, na koma na sa aka ɗumama mini. Jikokina duk sun shige rigunan sanyi na gwanjo, kowa da hular da ta rufe kunne, suna ta rawar ɗari kamar ba a kan katifa suka kwana ba. Da hantsi ina shan rana a ƙofar gida sai ga amalanken maƙwabcina ya wuce, an labta masa harawa har tana jan ƙasa. Ƙamshinta ya buge ni. Ni kuwa duk ranar da ƙamshin busasshiyar harawa ya haɗu da sanyi a hancina, mutum ɗaya nake tunawa, kuma ba da alheri ba. Sunansa Alhaji Tanimu. Ya daɗe a ƙasa, amma har yau in na ambace shi sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Ƙauyenmu yana kusa da Yalwan Damai, a ƙasar Birnin Kudu. Mahaifina, Malam Garba, ƙaramin manomi ne. Gona ɗaya ce ta gado, sai ɗan yanki a fadama. Amma Allah ya ba shi hannun doki. Dukushin da ya gagari mai shi, wanda ke cizo da harbi, Baba ake kawo wa, ya mayar da shi kamar rago. Duk da haka bai taɓa mallakar nasa ba, na mutane yake gyarawa ya miƙa musu. Shi ya sa ranar da Alhaji Tanimu, wani mai cinikin hatsi daga wajen Dingaya ta ƙasar Gwaram, ya kawo masa goɗiya kiwo, Baba ya kasa rufe baki don murna. Ka'idar kiwo a wajenmu kowa ya san ta: ɗan fari na mai goɗiya ne, na biyu na mai kiwo. A kan haka suka shirya a zaurenmu, a gaban aminin Baba, Malam Sabo, aka shafa fatiha.

Goɗiya ta haifi na fari, aka yaye shi, Alhaji ya aiko aka tafi da shi. Ta haifi na biyu, namiji, ja mai sirkin farin gashi, muka sa masa Bidi saboda launinsa. Wannan na Baba ne. Tun yana tangaɗi a kan dogayen ƙafafunsa Baba yake shafa shi yana masa magana. Yakan ce da ni, “Haladu, wannan ba zan taɓa shi ba sai ƙashinsa ya yi ƙwari. Na mutane nake sauri da su, nawa a hankali za mu yi.” Ni a lokacin na zama saurayi sosai, har an fara maganar aurena.

Baba bai hau Bidi ba. Daminar shekarar da ya isa hawa ta yaudare mu. Ta fara lafiya, gero ya tashi gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke a lokacin da dawa take da ciki. Muka yi ta kallon gabas, hadari ya haɗu ya watse. Gero muka tsinci kaɗan, dawa ta tsaya da zangarniya kamar ta tsintsiya, wake kuwa ganye ya yi ba 'ya'ya. Ana cikin kakar nan marar daɗi zazzaɓi ya kwantar da Baba, kafin a yanke dawa mun kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki sai ga Alhaji Tanimu da wani baransa. Ya zauna a zaure, ya yi addu'a mai tsawo, aka kawo fura ya shanye. Mutanen unguwa suna nan, Malam Sabo yana nan. Sannan ya ce goɗiyarsa ya zo ɗauka, tunda mai kiwon ya riga mu gidan gaskiya. Wannan haƙƙinsa ne, da hannuna na kwance ta na miƙa wa baran. Sai na ga Alhaji ya tsaya a kan Bidi, yana duba haƙoransa, yana bubbuga masa ƙirji.

“Wannan ya isa hawa,” in ji shi. “Bar mini shi nan ka horar da shi, tunda an ce ka gaji hannun ubanka. In sanyi ya wuce zan aiko a tafi da shi.”

Na zaci kunnena ne. Na ce, “Alhaji, ai wannan na Baba ne. Na fari ka ɗauka, wannan rabon kiwo ne.”

“Rabon wa?” Ya juyo yana murmushi. “Ni ban yi wannan magana da Garba ba. Goɗiya na ba shi ya ɗaure ya sami taki. Ladan ubanka kashin doki ne, kuma ya kwashe shi tas, ga gonarku nan ta sha.”

A gaban mutane ya faɗa, ƙasar kabarin Baba ko bushewa ba ta gama yi ba. Na dubi Malam Sabo. Malam Sabo ya dubi carbinsa. Da muka je gaban mai gari, aminin Baba ya ce shekaru sun ja, shi bai riƙe yadda aka yi ba. A makon nan aka ga jaki da buhu daga wajen Dingaya ya tsaya a ƙofar gidansa. Shekarar yunwa ce, na sani, amma ban taɓa yi masa wannan uzurin ba. Mai gari ya ce ba shaida, ba magana, doki na mai goɗiya ne.

Wayon Alhaji shi ne ya fi ƙona mini rai. Abincin dabba ya yi wuya a ko'ina, don haka ya bar mana dukushin mu ciyar da shi a watannin da suka fi tsanani, mu hore shi kyauta, shi kuma ya zo ya karɓi gyararren doki. Da na ce ba zan yi ba, a ranar zai ja shi ya tafi. Na ce na ji, zan yi. Inna tana takaba a bayan danga, ta ji komai. Da na shiga sai ta miƙo mini ƙwaryar ƙasari, ruwan wankin surfe, ta ce in kai wa Bidi.

Haka ɗari ya same mu, ni da Inna da dukushin da aka ce ba namu ba. Sanyin shekarar ban sake ganin irinsa ba, ko kuwa don ciki ba kowa ne, ban sani ba. Da asuba in na taka ƙasa sai in ji ta har cikin haƙorina. Ruwan randa ba ya taɓuwa. Ƙafafuna suka yi faso har suna jini, Inna ta narka man kaɗanya tana ɗiga mini a tsagar. In an idar da salla sai kowa ya kwaso kara a hura wuta a ƙofar masallaci, gaba ya gasu, baya yana ƙanƙara. Ni ba na daɗewa a wurin, domin Malam Sabo yana zama, kuma ba na iya shan ɗumi ɗaya da shi.

Aiki kuwa bai san an yi mutuwa ba. Na sassare karan dawa na ɗaure shi dami-dami, na kwaso a ka. Na tattara harawar waken nan da ya ƙi 'ya'ya, na naɗe ta, na hau itacen marke na jibge a tsakanin rassa inda awaki ba za su kai ba. Wannan ita ce dukiyarmu a shekarar. Masu shanu sun zo har gida suna roƙon in ba su ita su ba mu hatsi, na ƙi, don in na bayar Bidi ba shi da abin ci. Na gyara darnin gida da sabon kara. Na yaɓe gindin rumbu, ko da yake abin da ke ciki bai kai gwiwa ba. Na ari jaki na riƙa kai taki gona a mangala ina zubawa tsibi-tsibi. Wannan aikin ya fi kowanne yi mini ciwo. Duk mangalar da na juye sai maganar Alhaji ta dawo mini sabuwa. Da yamma in zauna in yi tufkar igiya da rama, ranar kasuwa in kai, in dawo da kanwa da gishiri.

Tuwo sau ɗaya muke ci, da dare, miyar kuka ba mai. Da safe kunu ne tsararo wanda kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Da rana in an sami rogo a fadama, to. A gidajen da ke kusa da mu mutane sun fara tankaɗe dusa suna ƙara ta a tuwo. Inna ba ta yi haka ba. In ta surfa ɗan geronmu, dusar da ƙasarin na Bidi ne. Ni nake cuɗa dusar da kanwa in dunƙula in ba shi a baki, cikina yana ƙugi, hancina yana jin ƙamshinta. Wallahi akwai ranar da na lasa. Yaran yanzu da suke kai hatsi inji su bar dusar can ba za su gane wannan ba.

Na yi tunani iri-iri a kwanakin nan. Na ce in sake shi ya shiga daji. Na ce in ɓata masa baki da linzami mai kaifi yadda ba mai iya tsayar da shi. Amma Bidi bai yi mini komai ba, kuma shi kaɗai ne abin da Baba ya bari mai numfashi ban da mu. Don haka na fara horonsa yadda Baba yake yi, ba gaggawa. Na sa masa ragama na riƙa jan sa muna zaga gari har ya daina turjewa. Na riƙa shafa shi ko'ina, ciki da kunne da ƙafa. Na ɗora masa buhu a baya, ya yi tsalle ya yar, na sake ɗorawa, har ya gaji ya ƙyale. Na shafa wa linzami gishiri na sa masa, ya yi ta tauna yana zubar da yawu. Sannan na ɗauko tsohon sirdin Baba na ɗaura.

Hawan fari a cikin yashi ake yin sa. Da rani rafukanmu duk sukan ƙafe, su bar yashi mai zurfi. A nan dukushi ba ya iya tutsu sosai, ƙafarsa nutsewa take, in kuma ya kayar da kai a taushi za ka faɗa. Na ja Bidi zuwa rafin bayan gari, na hau. Ya yi ta bori, ni kuma na manne, har gumi ya jiƙa shi duk da sanyin. Da ya gaji ya tsaya yana huci. Sai na ji yana tonon yashi da ƙafar gaba, gwiwoyinsa suna lanƙwashewa.

Duk wanda ya san doki ya san wannan. In ya yi gumi bayansa ƙaiƙayi yake, ba abin da yake so kamar birgima a yashi. Kuma ba dokar da Baba ya fi tsananta wa kamar wannan: doki ba ya sa gwiwa a ƙasa da abu a bayansa. Sai an koma gida, an sauke sirdi, an kai shi inda aka tanada, sannan ya yi birgimarsa. “In ka bar shi sau ɗaya da sirdi,” in ji Baba, “ya koya ke nan har ya mutu. Dokin da ke birgima da mahayi ko kyauta ba mai so.” Hannuna har ya ɗaga linzami zai fizge kansa sama. Sai na tuna daga gidan Alhaji Tanimu zuwa kowace kasuwa sai an ratsa rafi.

Na saki linzamin. Na zare ƙafafuna daga likkafa na dire gefe. Bidi ya zube, ya juya dama, ya juya hagu, ƙafafu a sama, sirdin Baba yana ƙara a ƙarƙashinsa. Da ya tashi ya girgije, na ciro dunƙulen dusa da kanwa daga aljihu na ba shi, na shafa wuyansa. Tun rasuwar Baba ban ji sanyi a raina ba sai ranar.

Daga nan aikina ya zama biyu. A kan ƙasa mai tauri na zuba wa Bidi duk abin da Baba ya koya mini. Ya iya takama, tafiyar nan mai laushi da ko ƙwaryar nono ka riƙe ba za ta zube ba. Ya iya sukuwa, ya iya zamiya, da ɗan yatsa ake juya shi. Ya tsaya cik a hau shi, ba cizo ba harbi. In ya yi gumi kuma sai in nufi yashi da shi. Ba rafi ɗaya nake kai shi ba, don kada ya ɗauka wuri ɗaya ne. Yau na bayan gari, gobe na hanyar fadama, jibi in yi nisa har wajen da ban san kowa ba. Tun yana jira sai na saki linzami, har ya zamana da ƙafarsa ta nutse a yashi ko ka ja kansa ba ya ji, sai ƙasa. Na ƙware da direwa kamar biri. Duk da haka ya taɓa danne mini ƙafa, na yi kwanaki ina ɗingishi, na ce wa mutane kara ne ya soke ni.

Inna ce take kakkaɓe mini shimfiɗar sirdi in na dawo. Wata yamma ina ɗaure Bidi a turke sai ta tsaya da ita a hannu, yashi yana zuba.

“Haladu.”

“Na'am, Inna.”

“Shekarun da na yi da ubanka, bai taɓa dawo mini da yashi a kayan sirdi ba.”

Na ci gaba da ƙulla igiyar da na riga na ƙulla. Ta kakkaɓe sauran yashin. Sannan ta ce, “To, ka dai riƙa kula da ƙafarka.” Washegari na ga dusar Bidi ta ƙaru, kunun Inna kuwa ya ƙara tsinkewa.

Sanyi ya fara ja da baya, mangwaro ya yi fure, harawar kan marke ta kusa ƙarewa. Alhaji ya zo da kansa da baransa. A filin ƙofar gidanmu, inda ƙasa take kamar daɓe, na hau Bidi na nuna masa. Baran ya hau ya zaga, ya sauko yana jinjina kai. Alhaji ya washe baki ya ce, “Lallai ka gaji Garba. Allah ya yi albarka.” Ko tsabar gero bai kawo mana ba. Suka ɗaura wa Bidi igiya, ba sirdi, suka ja shi a bayan dokinsu. Yana tafiya yana waiwaye yana haniniya. Inna ta shige ɗaki. Ni na tsaya har suka ɓace, don ina so in riƙe abin da kyau a raina.

Na san Alhaji ba zai iya haƙuri ba, sai ya nuna sabon doki a kasuwa. Na ɗaure igiyoyina na kama hanyar ƙasar Gwaram da ƙafa, na kwana a wajen wani ɗan'uwan Inna. Kasuwar da Alhaji yake ci tana kan tudu, a gindinta akwai faffaɗan rafi da kowa yake ratsawa. Yanzu an yi gada a wurin, babura sai wucewa suke ba mai kallon ƙasa. A lokacin yashi ne fari fat, mata masu tallar nono sukan sauke ƙore a bakinsa su huta. Na shimfiɗa igiyoyina a gindin wata tsamiya. Wani ya taya, na ce ba yanzu ba.

Rana ta ɗaga sai ga Alhaji. Babbar riga fara mai aiki, rawani, sabon sirdi ja. Ya sukwano Bidi tun daga nesa don mutane su gani, har wuyan dokin ya yi kumfa. Mutane suna “Sannu Alhaji, Allah ya sa alheri,” yana ɗaga hannu. Bidi ya gangaro, ya sa ƙafa a yashi, ya yi 'yan taku, ya tsaya. Ya fara tono. Alhaji ya zungure shi da likkafa. Ni kuwa na ce a raina, yi abinka, ɗan Baba.

Bidi ya zube. Alhaji mutum ne mai jiki, ga riga ta naɗe shi, ga ƙafa a cikin likkafa. Bidi ya juya a kansa, na ji ƙarar sirdi ta ce ƙaras. Rawani ya warware ya yi nasa wuri. Alhaji yana ihu, “Wayyo! Ku riƙe shi! Ku riƙe shi!” bakinsa cike da yashi. Bidi ya juya ɗaya gefen, ƙafafu a sama, yana jin daɗin duniya. Masu nono suka fara salati, sai wata ta kasa daurewa ta tuntsire da dariya, shi ke nan rafi ya ɗauka. Da ƙyar aka janye Alhaji. Bidi ya tashi ya girgije, ya tsaya yana dube-dube, dusarsa yake jira. A kan jaki aka mayar da Alhaji gida, gwiwarsa ta goce, kuma har ya mutu bai daina ɗingishi ba. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar gero. Na sayar da igiyoyina yadda aka taya, na sayi ƙosai na ci, na ƙulle wa Inna nata.

Sauran labarin a bakin 'yan kasuwa na ji shi. Baran ya gwada, Bidi ya yi birgima da shi. Suka yi wa dokin bulala, ya tashi, rafi na gaba ya sake. Aka kira wani mai horo ya ce wannan ya riga ya shiga jini. Alhaji ya sa dillalai su sayar, amma labari ya riga doki zuwa kowace kasuwa, har can wajen Fagam. Ga shi yana cin hatsi kullum, ga ba mai hawa.

Ana gab da saukar damina, mun fito sallar la'asar, sai ga Alhaji a kan jaki da sanda, baransa yana jan Bidi. Dokin ya rame, ga shatar bulala a cinyarsa. Da na gani sai da idona ya rufe. Mai gari yana nan, Malam Sabo yana nan.

“Kai Haladu,” in ji Alhaji, “wane irin horo ka yi wa dokin nan? Ga shi nan, ka cire masa wannan iskancin.”

Na ce, “Alhaji, lafiya lau na ba ka shi, a gabanka aka hau. Kuma na gama yi wa dokin mutane aiki. Harawata ta ƙare.”

“To ni me zan yi da shi? Ya karya ni, ya karya mini sirdi, ba mai saye!”

“Dokinka ne, Alhaji. Mai gari ma ya faɗa.”

Alhaji ya yi ta huci. Ya dubi dokin, ya dubi hanyar da zai sake bi da shi. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ku riƙe tsiyarku. Dama rabon Garba ne.”

Na kama kunnena na ce, “Alhaji, sanyin bana ya taɓa mini ji. Rabon wa ka ce?”

“Na ce rabon ubanka ne!” Ya daka tsawa har na cikin masallaci suka leƙo. “Rabon kiwonsa ne! Ka ji yanzu?”

“Na ji. Allah ya sa kowa ya ji.”

Sai Malam Sabo ya yi gyaran murya ya ce, “Ƙwarai, yanzu na tuna, haka aka yi. A gabana aka shafa fatiha.” Na ce, “Sannu Malam, ashe buhun ya ƙare.” Na karɓi igiyar na wuce. Inna tana jin haniniya ta fito har zaure ba mayafi, ta rungume wuyan doki tana kuka.

Bidi ya tsufa a hannuna. Baba ya yi gaskiya, dokin bai taɓa daina halin ba. Ni ma da na koya masa bai ƙyale ni ba. Duk rafin da muka iso sai in sauka, in kwance sirdi in ɗauka a ka, ya yi birgimarsa, mu haye, in sake ɗaurawa. Abokan tafiya suna mini dariya, wai ni ne dokin Bidi. Ban taɓa jin nauyin sirdin nan ba.

Shekaru da yawa bayan haka, na riga na yi furfura, sai ga ɗan Alhaji Tanimu a kan babur. Ya ce tsohon yana kwance, jiki ya yi nisa, yana aikawa a kira duk wanda suka taɓa samun saɓani don a yafi juna. Na ce mu je. Na same shi a kan tabarma, duk jikin nan ya zube, sai ido. Ɗakin cike da 'ya'ya da jikoki.

Alhaji ya dube ni ya ce, “Haladu, tsakaninka da Allah, kai ka koya masa?”

“Ni ne, Alhaji.”

“Na sani tun ranar.” Ya taɓa gwiwarsa. “To ka ga ni ma ina da haƙƙi a kanka. Mu yafi juna.”

Na ce, “Ni ban zo neman yafiya ba, kai ka aiko. Harawata da dusar Inna da yunwar da muka sha, na yafe maka duniya da lahira. Bulalar da aka yi wa Bidi ma na yafe. Amma maganar kashin doki ba tawa ba ce, ba ni da ikon yafe ta. Mai ita yana can, ka kusa ganinsa, sai ka gaya masa da bakinka.”

Na yi masa addu'ar samun sauƙi, na sa takalmina. Ɗansa ya biyo ni zai mayar da ni a babur, na ce ya bar shi, na san hanya.